Baba ta Karo da Baƙin da Suka Zo daga Landan

A Rigachikun, bakin titin Kaduna zuwa Zariya, hedkwatar Cibiyar Malamai ta Ƙasa take, wadda aka kafa a 1976. Malaman firamare da dama da suka bi ta hannunta sun sha haddar darussan ilimin zamantakewa, irin su ma'anar iyali, dangantaka da tsarin mulki. Abin da ba kasafai ake gaya musu ba shi ne, wasu misalan da jami'o'in duniya ke koyar da waɗannan darussa da su, daga wannan ƙasa ta Zazzau aka ɗebo su.

A 1949 wani ɗan Jamaika mai suna M.G. Smith, ɗalibin Daryll Forde a Landan, ya sauka a lardin Zariya don nazarin yadda Hausawa ke neman abinci. Ya bi gonaki da kasuwanni, ya rubuta yadda gandu ke tafiya: uba da 'ya'yansa maza suna noma tare, shi kuma ya ɗauki nauyin haraji da aurar da su. Ya kuma lura cewa barantaka ce igiyar da ta ɗaure talaka da mai sarauta.

Amma iyakarsa zaure. Baƙo namiji ba ya leƙa gidan kulle, sai matarsa Mary, wadda ta iya Hausa, ta shiga. A Giwa ta haɗu da Baba ta ƙauyen Karo, tsohuwar da aka haifa a 1877, 'yar wani malami manomi, asalinsu Barebari. Daga Nuwamban 1949 zuwa Janairun 1950 Baba na magana, Mary na rubutawa.

A ganina nan ne aikin ya yi armashi. Baba ba ta taɓa jin sunan fannin ilimin zamantakewa ba, amma ta feɗe shi har wutsiya. Ta bayyana kunyar ɗan fari, yadda uwa ba ta kiran sunansa. Ta faɗi yadda 'yan mata biyu ke ƙulla ƙawance, kayan biki su riƙa kaiwa da komowa tsakaninsu. Aure huɗu ta yi, Allah bai ba ta haihuwa ba, amma ta riƙi 'ya'yan dangi, don haka ta san tallafi ciki da bai. Ta tuna rinjin gidansu da bayinsa, da mahara masu sace mutane a hanya, da zuwan Turawa. Ta rasu a 1951, littafin da ke ɗauke da sunanta bai fito ba sai 1954.

Shi kuwa Smith, a 1960 ya fitar da littafinsa kan mulkin Zazzau daga 1800 zuwa 1950, inda ya zayyana yadda sarauta ke zagayawa tsakanin Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa. Aikin bai tsira daga suka ba. Dakta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello ya ƙi yarda da irin wannan kallo na raba tarihin ƙasar Hausa gida biyu, Haɓe da Fulani, yana ganin sana'a, mazauni da aƙida sun fi ƙabila bayyana wanda ya bi jihadi da wanda ya ƙi.