Dangin ƙaguwa da jatan lande: ire-irensu da yadda masana suke rarraba su

Busasshen kirefish da ake aunawa a kasuwannin Najeriya, daga Oron ta Jihar Akwa Ibom har zuwa Kano da Maiduguri, yana ɗauke da sunan wata halitta daban. Ainihin dabbar da Turawa suka laƙaba wa wannan suna tana zaune ne a koguna da tafkunan Amurka da Turai da Ostireliya, tana da manyan hannaye masu tsini kamar na kunama, kuma in ban da tsibirin Madagaska, babu wani yanki na Afirka da yake asalin mazauninta. Abin da ake dakawa a zuba a miya ƙananan jatan lande ne, waɗanda masunta suke kamawa a bakin teku da mashigar koguna, su shanya ko su ƙyafe.

Irin wannan ruɗani ya yi yawa a cikin babban gidan da ƙaguwa da jatan lande suka fito, wanda masana suke kira Kurustashiya, daga kalmar Latin mai nufin ɓawo. An tantance nau'i kusan 67,000 a cikinsa. Akwai wanda ido ba ya iya gani sai da madubin ƙara girma, akwai kuma ƙaguwar tekun Jafan wadda tazarar ƙafafuwanta ke wuce mita uku da rabi idan ta miƙe su.

Gidan reshe ne na wata zuriya mafi girma, ta halittu masu ƙafafu gaɓa-gaɓa da sulke a bayan jiki a maimakon ƙashi a ciki. Fara da kunama da gizo-gizo da ƙadandoniya duk 'yan wannan zuriya ne. Abin da ya ware dangin ƙaguwa shi ne ƙahonin laluben hanya guda huɗu a ka, alhali ƙwari suna da biyu, gizo-gizo kuwa ba shi da ko ɗaya. Galibinsu suna numfashi a ruwa kamar kifi. Sulkensu ba ya girma tare da su, don haka sai sun yi saɓa lokaci zuwa lokaci, su zauna da laushin jiki har sabon ɓawo ya yi ƙwari. Alama mafi ƙarfi kuwa tana bayyana ne a farkon rayuwa: da yawansu suna ƙyanƙyashewa a matsayin ɗan mitsitsin tayi mai ido ɗaya da gaɓoɓi shida, wanda ake kira nofiliyus.

Wannan tayi ne ya warware wata tsohuwar gardama. Akwai wasu halittu masu farin ɓawo da ke manne wa duwatsun gaɓar teku da gindin jiragen ruwa, ba sa motsi daga inda suka kafu, ana kiransu banakul. An daɗe ana lissafa su cikin dangin dodon koɗi, har zuwa shekarar 1830 lokacin da wani likitan sojan Birtaniya, John Vaughan Thompson, ya bi diddigin 'ya'yansu ya ga suna iyo kamar 'ya'yan sauran dangin ƙaguwa. Daga baya Charles Darwin ya shafe shekara takwas, daga 1846 zuwa 1854, yana nazarin waɗannan halittu kaɗai.

Rabon da littattafan jami'a suka fi dogara da shi shi ne wanda Joel Martin da George Davis suka wallafa a 2001, inda suka kasa gidan zuwa aji shida. Azuzuwan ba su yi kusa da juna ba wajen yawa. Malakostiraka kaɗai ya ƙunshi nau'i kusan 40,000, kuma kusan duk abin da ɗan Adam yake ci daga wannan gida a cikinsa yake. Fitaccen rukuninsa shi ne Dekafoda, wato masu ƙafa goma: ƙaguwa, lobsta, jatan lande da kirefish na asali.

A nan ma kama da wane ba ta wane. Masana ba su raba masu ƙafa goma bisa girma ko siffa ba, sun duba tsarin kayan numfashinsu da yadda suke yi da ƙwai. Manyan jatan landen teku da jiragen kamun kifi suke fitarwa daga ruwan Najeriya zuwa Turai suna zubar da ƙwansu cikin ruwa su wuce. Jatan landen kogi da ƙananan da ake busarwa kuwa, macen tana rungume ƙwanta a ƙarƙashin ciki har su ƙyanƙyashe, daidai da yadda ƙaguwa da lobsta suke yi. Ke nan kirefish na kasuwa ya fi kusanci da ƙaguwar tafkin Legas a kan babban jatan landen da ya yi kama da shi sak.

Cikin Malakostiraka ɗin dai akwai kiril, abincin manyan dabbobin tekun kudancin duniya, da wasu 'yan halittu masu launin toka da ake samu a ƙarƙashin dutse ko ruɓaɓɓen itace mai danshi, waɗanda wasunsu kan dunƙule kamar ƙwallo idan an taɓa su. Mutane kan ɗauke su ƙwari, amma dangin ƙaguwa ne da suka koma tudu.

Masu ƙyanƙyasar tarwaɗa sun san wani ajin ko da ba su san sunansa ba. Atimiya, wadda ake sayen busassun ƙwanta a gwangwani a jiƙa da ruwan gishiri don ciyar da 'ya'yan kifi, 'yar ajin Birankiyofoda ce. Ostirakoda suna rufe a cikin ɓawo biyu kamar ƙwayar iri. Sauran ƙananan aji biyu ba kowa ya taɓa ganinsu ba. Ɗaya daga ciki, Remifediya, makafi ne da ke zaune a kogunan ƙarƙashin ruwa, kuma sai a 1979 aka gano su a tsibiran Bahamas.

Rukunin da ya fi shafar tarihin lafiya a Najeriya shi ne Kofefoda, 'yan mitsi-mitsin da tsawon yawancinsu bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba. Wasu daga cikinsu, masu ido ɗaya da ake kira saikulos, su ne suke haɗiye 'ya'yan kurkunu a kududdufi. Idan mutum ya sha ruwan, ruwan ciki yana narkar da saikulos ɗin, 'ya'yan tsutsar su kuɓuta su girma a jiki, bayan kimanin shekara guda tsutsa mai tsawon da kan kai mita ta ɓullo, galibi ta ƙafa. Binciken da aka yi a ƙarshen shekarun 1980 ya gano mutum sama da 650,000 da ke fama da cutar a Najeriya, adadi mafi yawa a duniya a lokacin. Kurkunu ba shi da allurar rigakafi, ba shi da maganin sha. Sanin halittar da ke ɗauke da shi ne ya nuna mafita: tace ruwa da ƙyalle mai ƙananan ƙofofi, zuba maganin da ke kashe saikulos a kududdufai, haƙa rijiyoyin burtsatse, da hana mai ciwon shiga ruwan sha. Cibiyar Carter da tsohon shugaban ƙasa Janar Yakubu Gowon sun taka rawa a wannan yaƙi. An ga mutum na ƙarshe da ya kamu a 2008, kuma a Disambar 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Najeriya ta rabu da cutar. A Chadi har yanzu ana samunta, musamman a jikin karnuka.

Rabon 2001 bai tsaya yadda yake ba. Ajin Maksilofoda, wanda aka cusa Kofefoda da banakul a cikinsa, ya wargaje bayan binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa ba kakansu ɗaya ba. Binciken ya kuma zo da abin da ya fi wannan girgiza tsohon tsari: ƙwari gaba ɗayansu reshe ne da ya tsiro daga cikin dangin ƙaguwa, kuma makafin nan na kogunan Bahamas suna cikin mafi kusanci da su. Shi ya sa masana da dama suka koma amfani da sunan Fankurustashiya, wanda ya haɗa gidajen biyu. Bisa wannan fahimta, soyayyar farar da ake sayarwa a Maiduguri da kirefish na Oron 'yan uwa ne na nesa. Likitoci suna la'akari da wannan dangantaka, domin wanda jikinsa ke yin borin jini ko kumburi idan ya ci jatan lande zai iya fuskantar haka idan ya ci fara, saboda wani sinadarin tsoka iri ɗaya da ke jikin dukansu.