Yadda Ƙwallon Kwandon Mata Ta Samu Gindin Zama a Lardin Makka

Ana yawan cewa wasannin mata a Saudiyya doka ce ta haife su dare ɗaya, bayan ƙaddamar da shirin gyaran ƙasa na 2030 a shekarar 2016. Tarihin ƙwallon kwando a lardin Makka bai yarda da wannan magana ba. Tun a 2003, lokacin da makarantun 'yan mata na gwamnati ba su san darasin motsa jiki ba, Lina Al-Maeena ta tara ƙawayenta a Jidda, birnin da alhazanmu ke sauka kafin su wuce Makka, suka kafa ƙungiyar Jeddah United. Hukumar wasanni ba ta yi wa kulob ɗin mata rajista a wancan zamanin, saboda haka a 2006 ta nufi ma'aikatar kasuwanci ta yi rajistarsa a matsayin kamfani. A rufaffen ɗaki suke atisaye, babu namiji cikin 'yan kallo. Idan wasa ya fitar da su bainar jama'a, sai su sa dogon wando da riga mai dogon hannu, su ɗaura ɗankwali.

Gwamnati daga baya ta biyo sawu, kuma a hankali. A 2012 Saudiyya ta fara tura mata gasar Olamfik a Landan: Sarah Attar a gudun mita 800, da Wojdan Shaherkani, haifaffiyar Makka mai shekara 16, a judo. A Disamban 2016 Sarki Salman ya naɗa Lina cikin Majalisar Shura, a Yulin 2017 aka amince da darasin motsa jiki a makarantun 'yan mata na gwamnati, a Janairun 2018 kuma mata suka fara shiga filin wasa kallon ƙwallon ƙafa a Jidda. Wani zai ce da mahukunta ba su so ba, da har yau ana nan jiya i yau. Gaskiya ne. Amma doka ba ta koya wa yarinya jefa ƙwallo a kwando, kuma ranar da aka buɗe ƙofa an tarar da 'yan wasa da masu horarwa waɗanda suka shafe fiye da shekara 10 suna aikin.

Masu ganin sutura ce ta daƙile matan Musulmi su ma sai su sake duba. Hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ita ce ta haramta rufe kai a fili. Saboda wannan doka 'yan wasan Ƙatar suka janye daga gasar nahiyar Asiya a Koriya ta Kudu a 2014, saboda ita kuma Bilqis Abdul-Qaadir, Ba'amurkiyar da ta ci maki 3,070 a makarantar sakandare, ta rasa damar zama ƙwararriyar 'yar wasa a lokacin da take ganiyarta. Sai a Mayun 2017 FIBA ta janye haramcin. Matan nan ba su nemi a sauke musu hijabi ba, sun nemi a bar su su buga da shi.

Sukar da ta fi nauyi ita ce wannan harka ta fara ne a hannun 'ya'yan masu hali na Jidda, masu kuɗin hayar ɗakin wasa. Wannan suka tana da tushe, bai kamata a share ta ba. Yaron Makka ya daɗe da samun tsani: Osama Hawsawi, wanda sunansa kaɗai ya nuna asalinsa, daga kulob ɗin Al-Wehda na Makka ya taso har ya zama kyaftin ɗin Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta ƙwallon ƙafa ta 2018. Sai 'yar talakan unguwar Shari'u Mansur da ke Makka ta samu irin wannan tsani, da fili kusa da gida da mace mai horar da ita, sannan za a ce aikin da aka faro a 2003 ya kai gaci.