Gidan Ɗan Hausa: Wa Ya Zana Bangon?

A wannan makon zan kai mu Nassarawa ne, nan cikin Kano, mu tsaya a gaban Gidan Ɗan Hausa, inda yanzu Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano take. Da yawanmu mun ɗauki hoto a jikin bangon nan. Amma ko mun taɓa tambayar wanda ya zana shi?

Sunan gidan dai na Bature ne. Hanns Vischer, haifaffen birnin Basel na ƙasar Suwizalan a 1876, ya zama ɗan ƙasar Ingila, ya shiga aikin mulkin mallaka. A 1906 ya keto Sahara daga Tarabulus zuwa Borno. Ya iya Hausa har aka laƙaba masa Ɗan Hausa. A 1909, zamanin Sarkin Kano Abbas, ya buɗe makarantar boko ta farko ta gwamnati a Arewa, a nan Nassarawa, wurin da a da gandun sarki ne.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ba karatu da rubutu kaɗai ake yi a makarantar ba. Akwai sashen sana'o'in hannu, inda ake koyar da dukanci, saƙa, ƙira, ɗinki da kafinta, kuma daga cikin masu koyarwar akwai masu sana'a na gari. Wato tun ranar da boko ya sauka Kano, tare ya zauna da masu adon fata da masu surfani. Shi kansa gidan, ginin Hausa ne: tubali, azara, zanko, da zane a jikin bango.

Wannan zanen bango aikin magina ne, amma in an duba da kyau, aikin gari ne gaba ɗaya. Makubar da ake shafe bango da ita daga kwasfar ɗorawa ake samo ta. Laso, wanda ke hana ruwa shiga, ana haɗa shi da katsi daga marina irin ta Ƙofar Mata, da gashin jima daga wurin majema, da dafara. Magini kan fitar da zanen da hannunsa tun ƙasar tana da danshi, ko ya tsaga shi a jikin shafen. Siffofin ma aro ne tsakanin sana'o'i. Dagin da ke bango shi ne a jikin babbar riga, shi ne a matashin fata, kuma shi ne daga baya ya zama tambarin Arewa a zamanin Sardauna.

Kada a ɗauka magina maimaita na kakanni kawai suke yi. A ƙarni na 20, musamman a Zariya, sun riƙa saka keke da agogo da jirgin sama a fuskar gidaje. Duk abin da ya shigo gari, sai ya hau bango. Mai wucewa ba ya biyan ko kwabo, yana kallon tarihin zamaninsa a kan hanya.

Sai dai sunayen waɗannan gwanaye kaɗan ne suka iso gare mu. Wanda ya fi shahara shi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, a ƙarni na 19. Saura kuwa sai dai a ce "magina". Baƙon da ya zauna a gida ya bar sunansa, masu gina gidan sun tafi da nasu.

A kwatanta da abin da ya faru a Zariya a 1958, lokacin da ɗaliban zane na kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello suka kafa ƙungiyarsu. Cikinsu akwai Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya. Okeke ya ɗauko zanen uli, wanda matan Ibo ke yi a bango da jiki, ya shigar da shi takarda, har ya yi wa littafin Chinua Achebe zane. Yau duniya ta san shi, ta san uli ta dalilinsa, saboda an rubuta sunansa a jikin aikinsa.

A nan ne abin ya shafe mu, mu marubuta. Tun daga shekarun 1980 da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa, masu zane ne suka riƙa yi wa littattafanmu bango da hannu, kuma sau da yawa zanen ne ke sa mai saye ya tsaya. Da kwamfuta ta zo, sai aka koma liƙa hotuna, aka watsar da su. Ni ma ban tsira ba. Wani matashi ya taɓa yi wa gajeren labarina zane, na biya shi, na saki labarin, ban sa sunansa ko'ina ba. Sai da na tsaya gaban bangon Gidan Ɗan Hausa ina jin haushin an manta da magina, sannan na tuna abin da na yi.

Siminti da fenti suna cinye tsofaffin gidajen birni, tsofaffin magina kuma suna ƙarewa. Wanda ke da irinsu a unguwarsu, ya je ya zauna da su, ya rubuta sunansu da na wanda ya koya musu, da gidajen da suka zana. Wanda kuma zai fitar da littafi, ya sa sunan mai zane a inda za a gani. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon riƙe amanarsu.