Abdoulaye Mamani: daga Sawaba zuwa Sarauniyar Lugu

An haifi Abdoulaye Mamani a Gudumariya a shekarar 1932, amma Damagaram ce ta san shi, don a can ya yi gwagwarmayar ƙungiyar ma'aikata, kuma ita ya wakilta a majalisa yana saurayi. Ɗan Sawaba ne, jam'iyyar Djibo Bakary, wadda ta nemi jama'a su ce wa Janar De Gaulle "a'a" a ƙuri'ar 28 ga Satumba 1958. Sawaba ta sha kaye, aka haramta ta a 1959, Mamani ya yi gudun hijira, daga bisani ya zauna a Aljeriya.

A zaman baƙunta ne alƙalami ya maye masa gurbin dandalin siyasa. Kundin waƙoƙinsa, Poémérides, ya fito a Faransa a 1972. Da mulkin Diori Hamani ya faɗi a 1974 sai ya komo gida, amma bai daɗe ba gwamnatin Seyni Kountché ta tsare shi.

Littafin da ya ɗaukaka sunansa shi ne Sarraounia, na 1980. Labarin Sarauniya Mangu ne, shugabar Azna ta Lugu a ƙasar Arewa, wadda ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899, lokacin da garuruwa da dama suka miƙa wuya ko aka ƙone su. Rahotannin Faransawa ba su ba ta wani wuri mai yawa ba. Mamani ne ya ɗauko ta daga bakin tsofaffi, ya ƙara da nasa, har ta zama gwarzuwar ƙasa. Mai karatu ba zai rasa jin amon "a'a" ɗin 1958 a bakinta ba. Saboda haka malamin da zai kai littafin aji ya kamata ya gaya wa ɗalibai cewa ƙagaggen labari ne, ba kundin tarihi ba.

Abin da ke da ciwo, jikokin mutanen Lugu da ba su shiga makarantar boko ba, ba su iya karanta shi, tunda da Faransanci aka rubuta. Ko fim ɗin da Med Hondo ya yi a kansa a 1986, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987, a Burkina Faso aka ɗauke shi.

Mamani ya rasu a haɗarin mota a 1993, tsakanin Damagaram da Yamai, yana kan hanyar karɓar kyautar adabi ta Boubou Hama.