Baƙin man injin jirgin ruwa: abin da lambobin jikin galan ke nufi

Idan Kogin Haɗeja ya cika a damina, ƙauyuka da dama a Ringim, Taura da Miga kan dogara da jiragen ruwa wajen zuwa kasuwa da asibiti. Mutuwar inji a tsakiyar ruwa na iya jawo asarar rayuka, kuma man da bai dace ba yana cikin abubuwan da ke kashe shi.

Lambobin SAE, ma'aunin wata ƙungiyar injiniyoyi da aka kafa a Amurka a 1905, suna nuna kaurin mai. SAE 40 mai lamba ɗaya ne: yana riƙe kauri a zafi, amma da sanyin safiya yakan yi nauyi, ya makara wajen ratsa inji. Mai lamba biyu, kamar 20W-50, yana gudana cikin sanyi, kuma bai tsinkewa idan inji ya ɗau zafi. Shi ya fi dacewa da Jigawa, inda sanyin hunturu da zafin Afrilu suka yi hannun riga. Na sintetik ya fi jure zafi, sai dai ya fi tsada.

Wannan zaɓi ya shafi injin da ke da ma'ajiyar mai daban. Wanda ake gauraya wa mai da fetur yana buƙatar mai tambarin TC-W3, ba man mota ba.

Man da ake aunawa a kwalba ba tare da lamba ba haɗari ne, a Dutse ko a bakin kogi. Sa ido kan ingancinsa alhakin hukumar SON ne.