Shari'ar Shugaba Darman da Mutanen Bakin Iyaka

A watan Janairun 1980 jami'an shige da fice suka kama Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na Majalisar Dokokin Jihar Borno, suka tsallakar da shi Chadi. Hujjar gwamnatin Shehu Shagari ita ce mahaifinsa mutumin Chadi ne, don haka shi baƙo ne. Ministan harkokin cikin gida, Bello Maitama Yusuf, ya sa hannu a takardar. Darman ɗan GNPP ne, jam'iyyar Waziri Ibrahim, mai adawa da NPN mai mulki, kuma ba a tuna da asalin ubansa ba sai da ya zama ƙashin kifi a wuyan masu mulki. Babbar kotun Maiduguri ta soke korar. Tsarin mulkin 1979 ya ce wanda aka haifa a ƙasar nan kafin 'yancin kai ɗan ƙasa ne in ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ya fito daga wata al'ummar Najeriya, mahaifiyar Darman kuwa 'yar ƙasa ce.

Mutumin Zangon Daura, a bakin iyakar Nijar, ya fi kowa fahimtar nauyin wannan hukunci. Bayan jihadi ya raba Sarkin Gwari Abdu da gadon Daura, zuriyarsa ta zauna a Zango, ta jingina da Damagaram shekaru da dama, har Turawan Ingila suka mayar da Malam Musa, sarkin Zango, Daura a 1906. Layin iyaka da Ingila da Faransa suka ja ya zo ya tarar da auratayya da gonaki da kasuwanni, ya ratsa tsakiyarsu. Yau ma ana ɗaura aure a Zango, waliyyin amarya ya taso daga Nijar da safe a kan babur, ya koma kafin magariba. In da za a bi ma'aunin da aka auna Darman da shi, gidaje da yawa a nan ba za su tsira ba.

A ganina kotu ta yi gaskiya, amma gaskiyar ba ta sauko ƙasa ba. Takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda ake nema wajen shiga soja ko jami'a, galibi garin uba take tambaya. Sashe na 26 na tsarin mulkin 1999 kuma ya bar matar ɗan Najeriya ta yi rajistar zama 'yar ƙasa, bai ba mijin 'yar Najeriya wannan dama ba.