Daga Burdov zuwa Yukos: shekaru 24 na Rasha a gaban kotun Turai

A watan Oktoban 1986 hukumomin soja na Tarayyar Sobiyet suka kira wani mutum mai suna Anatoliy Burdov, suka tura shi aikin kwashe dagwalon tashar nukiliyar Chernobyl da ta fashe. Wajen wata uku ya yi, ya koma gida da cuta a jiki. Kotun garinsu, Shakhty, ta tabbatar masa da haƙƙinsa na diyya ba sau ɗaya ba, amma kullum amsar hukuma ɗaya ce: babu kuɗi. Ga takardar hukunci a hannu, ga aljihu wayam.

Da ya gaji da sintiri sai ya kai kukansa birnin Strasbourg na Faransa, mazaunin Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai. Ranar 7 ga Mayun 2002 kotun ta ce rashin kuɗi ba hujja ba ce ga gwamnati ta ƙi biyan abin da alƙali ya ɗora mata, ta kuma ba shi Yuro 3,000. Wannan ne karon farko da Rasha ta sha kaye a can.

Ƙofar ba ta daɗe da buɗewa ba. Rasha ta shiga Majalisar Ƙasashen Turai a 1996 (wannan daban take da Tarayyar Turai), ta kuma amince da yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan adam a Mayun 1998. Daga nan talaka na iya rubuta ƙorafinsa da Rashanci, ya aika, a ƙarshe gwamnatinsa ta zo ta kare kanta.

Wata biyu bayan Burdov aka yanke shari'ar Kalashnikov, wani shugaban banki da aka tsare a Magadan, can gabas mai nisa. Ya shaida wa kotu cewa ɗakinsu gado takwas ne, mutane kuwa har 24, sai dai a yi barci karɓa-karɓa. Fitila ba ta mutuwa dare da rana, kyankyasai da tururuwa sun cika ko'ina, cutar fata ta cinye masa farata. Abin mamaki, kariyar da gwamnati ta kawo ita ce ai haka yawancin fursunonin ƙasar suke zaune. Kotu ba ta karɓa ba.

A Fabrairun 2005 hukuncin farko kan yaƙin Chechniya ya fito, wasu ɗaruruwa suka biyo baya. Shi kuwa Burdov sai da ya sake komawa, ya sake yin nasara a 2009, abin da ya tilasta wa Rasha yin dokar 2010 ta biyan diyya ga wanda aka ja wa shari'a ko aka ƙi aiwatar masa da hukunci.

A wancan lokacin Mosko dai ta saba biyan ƙananan kuɗin diyya. Gyaran tushen ɓarnar ne take ja da baya a kansa, musamman hukunta jami'an tsaron da suka ɓatar da mutane. Tura ta kai bango a Yulin 2014, da kotun ta umarci a biya masu hannun jarin kamfanin mai na Yukos kusan Yuro biliyan 1.9. A Disambar 2015 aka yi dokar da ta ba Kotun Tsarin Mulkin Rasha ikon cewa hukuncin waje ba zai aiwatu ba. Ta fara gwada ikon a 2016 kan batun barin fursunoni su kaɗa ƙuri'a, sannan a Janairun 2017 ta ce ba za a biya kuɗin Yukos ba.

Yaƙin Yukiren ne ya tsinke igiyar. Ranar 16 ga Maris ɗin 2022 aka kori Rasha daga Majalisar, ranar 16 ga Satumba kuma ta daina zama cikin yarjejeniyar. Har yanzu kotun tana sauraron ƙararrakin abubuwan da suka faru kafin wannan rana, amma dokar Rasha ta hana aiwatar da duk hukuncin da ya fara aiki bayan 15 ga Maris ɗin shekarar. A ranar da aka rufe ƙofar, ƙararraki sama da 17,000 a kan Rasha suna jiran hukunci.